Khairuddin Barbarossa: ɗan maginin tukwane da ya zama sarkin yaƙin Bahar Rum

A ƙarshen shekarar 1543, Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya umarci mutanen birnin Tulon su kwashe nasu-ya-nasu, su bar wa baƙi gidajensu. Baƙin kuwa sojojin ruwan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne, kimanin dubu 30. A can suka yi hunturu, har aka mayar da babban cocin garin masallaci na 'yan watanni. Jagoransu shi ne Khairuddin, wanda Turawa suka laƙaba wa Barbarossa, wato mai jan gemu.

Sunansa na yanka Khidir. An haife shi wajen 1478 a tsibirin Lesbos, wanda yanzu ke ƙasar Girka. Mahaifinsa Yakubu tsohon sojan doki ne da ya koma ginin tukwane, 'ya'yansa maza huɗu kuma suka shiga fatauci ta ruwa. Wata rana mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos suka tare jirginsu, suka kashe Iliyasu, suka kama Uruj. Da Uruj ya kuɓuta, sai shi da Khidir suka nufi gaɓar Tunisiya suka kama sana'ar farmakin jiragen Turawa. Sun kuma riƙa tsallako da Musulmin Andalus da Sifaniya ta matsa wa lamba zuwa Arewacin Afirka.

A 1516 mutanen Aljiyas suka nemi 'yan'uwan su taya su korar Sifaniyawa. Uruj ya zo, amma ya kashe sarkin garin, ya haye gadonsa. Bayan shekara biyu Sifaniyawa suka kashe shi kusa da Tilimsan.

A nan ne Khidir ya yanke shawarar da ta sauya tarihin yankin. Ga Sifaniya a gaba, ga sarakunan ƙasar da ba sa ƙaunarsa a baya, ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ya yi wa Sarkin Musulmin Santambul, Salim na Ɗaya, mubaya'a, ya miƙa masa Aljiyas. Ya sauka daga sarki mai cin gashin kansa ya zama gwamna, amma ya samu sojoji da igwa. Duk da haka abokan gaba sun kore shi daga garin na wasu shekaru, sai a 1525 ya dawo. A 1529 ya rushe sansanin Sifaniyawa da ke wani ɗan tsibiri a bakin garin, ya yi amfani da duwatsunsa ya haɗa tsibirin da tudu. Asalin tashar jiragen ruwan Aljiyas ke nan.

A 1533 Sarki Sulaiman ya kira shi Santambul, ya ɗanƙa masa dukkan rundunar ruwan daular. Ya ci Tunis a 1534, amma Sarki Sharl na Biyar na Sifaniya ya ƙwace ta shekara guda bayan haka. Babbar nasararsa ita ce yaƙin Firebeza na Satumbar 1538, inda ya fatattaki gamayyar jiragen Sifaniya da Fenis da na Fafaroma, duk da sun fi nasa yawa. Ƙiyayya da wannan Sharl ɗin ce ta haɗa Faransa ƙawance da Turkawa, ta kai Khairuddin Tulon.

Mutanen gaɓar Italiya ba sa tuna shi da alheri. A hanyarsa ta komawa gida a 1544 ya kwashe dubban mazauna tsibirin Lifari zuwa bauta. Haka kowane ɓangare ke yi a tekun a zamanin, amma wannan bai rage wa waɗanda abin ya shafa raɗaɗi ba.

Ya rasu a Santambul ranar 4 ga Yuli, 1546, kabarinsa na unguwar Beshiktash a bakin ruwa. Mubaya'ar da ya yi ta ɗaure Aljiyas da Turkawa shekara kusan 300, har zuwan Faransa a 1830. Shekara biyar bayan rasuwarsa Turkawa suka kama Tarabulus, kuma ta wannan ƙofa ce daga baya Mai Idris Alauma na Barno ya aika jakadu Santambul.