Fada Damien Da Ciwon Kuturta

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani mutum wanda ya koya mini yadda a ke karɓar mugun labari daga bakin likita.

An haifi Fada Damien a Beljiyam cikin 1840. Cikin 1873 ya tafi tsibirin Molokai, a ƙasar Hawayi, inda hukuma ta ke tsare kutare. Ya yi ta wanke musu gyambo, yana gina musu ɗakuna.

Kuturta kuwa jijiya ta ke ci a hankali, har gaɓa ta daina jin zafi. Cikin 1884 ya tsoma ƙafa a tafasasshen ruwa, fata ta sale, bai ji kome ba. Likita ya duba, ya tabbatar. A wancan zamani babu magani. Bai ɓoye ba, sai ya ƙara himma ga ginin gidan marayu tun hannu yana da sauran ƙarfi. Ya rasu ran 15 ga Afrilu, 1889.

Yau kuturta tana warkewa, maganinta kuwa kyauta ne. Amma akwai ciwon jijiya da har yanzu ba a iya tsayar da shi. In ya sami waninmu nan Kafanchan, ina roƙonsa ya tuna da Damien, kada ya ajiye allinsa tun ranar da ya ji.