Agustin na Hippo: Malamin da Ya Ga Almasihu a Cikin Tsohon Alkawari

Akwai tambayar da 'ya'yan masu bi kan yi wa iyayensu idan sujadar iyali ta kai ga Littafin Firistoci ko na Mahukunta: ina haɗin waɗannan hadayu da yaƙe-yaƙe da bisharar Yesu Almasihu? Tambayar tsohuwa ce. Fiye da shekara 1,600 da suka wuce, tana cikin abubuwan da suka raba wani saurayi ɗan Afirka da bangaskiyar mahaifiyarsa har sama da shekara goma. Amsar da ya samu daga baya kuwa ta mai da shi ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya.

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, 354, a Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa Patrisiyus bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa, amma mahaifiyarsa Monika mai bi ce, mai naciya cikin addu'a. Da suka ga yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, sai suka tura shi karatu a Madaura, daga nan zuwa Kartaj, babban birnin yankin, inda ya koyi fasahar magana. A can ya zauna da wata mace ba tare da aure ba, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus.

Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, masanin Roma, sai ƙishin neman gaskiya ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma bai daɗe ba ya rufe, domin Latin ɗin fassarar da ke hannunsa ya yi masa kaushi. A wannan hali ne mabiyan Mani suka same shi. Su masu ƙin Tsohon Alkawari ne ɗungurungum. Sukan yi ba'a da yawan matan Ibrahim da Yakubu, da jinin dabbobi a kan bagade, su kuma ce idan an halicci mutum cikin surar Allah, ashe Allah yana da gashi da farce ke nan. Agustin ya rasa amsa, ya bi su kusan shekara tara, Monika kuwa tana ta zubar da hawaye.

A shekarar 383 ya tafi Roma, a 384 kuma aka ba shi aikin koyar da fasahar magana a Milan. Ya fara zuwa wa'azin Bishop Ambros domin ya auna iya maganarsa kawai, amma a hankali abin da ake faɗa ya shige shi. Ambros yakan ɗauki wuraren nan da ake ba'a da su, ya nuna abin da suke nuni zuwa gare shi. Ya kuma bayyana cewa ikkilisiya ba ta koyar da cewa Allah yana da jiki irin na ɗan adam. Nan Agustin ya gane cewa ya yi shekaru yana yaƙi da abin da masu bi ba su ma faɗa ba. Ya tuba a shekarar 386, bayan ya karanta wani sashe na Wasiƙa zuwa ga Romawa a cikin wani lambu. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na 387, Monika kuma ta rasu a Ostiya a wannan shekarar, bayan ta ga amsar addu'arta.

Abin da ya koya a Milan shi ne karatun inuwa da ainihi. Ma'anarsa ita ce, wani mutum ko wani al'amari na Tsohon Alkawari, wanda ya faru da gaske, yana iya zama siffar abin da Allah zai cika a cikin Almasihu, kamar yadda inuwar baƙo kan riga shi shiga zaure. Ba Ambros ne ya ƙago wannan hanya ba. Yesu da kansa ya kwatanta ɗaga shi a kan gicciye da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, ya kuma kwatanta kwanakinsa a kabari da kwanakin Yunusa a cikin kifi. Manzo Bulus ya ɗauki Adamu a matsayin kwatancin Almasihu, Bitrus ya haɗa ruwan tsufana da baftisma, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta bayyana Shari'a a matsayin inuwar abubuwan da ke zuwa.

Agustin ya koma Afirka a 388. A shekarar 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa masa ya karɓi aikin ikkilisiya, bayan 'yan shekaru kuma ya zama bishop ɗinsu. Daga nan ya juya alƙalaminsa ga tsofaffin abokansa. Ya rubuta littafi mai kashi 33 domin amsa wa Faustus, malamin mabiyan Mani wanda ya taɓa saduwa da shi a Kartaj. A cikin wannan da sauran rubuce-rubucensa ya nuna jirgin Nuhu a matsayin siffar ikkilisiya, katakonsa siffar gicciye, ƙofar da ke gefensa kuma siffar raunin da mashi ya yi a kwiɓin Ubangiji. Ishaku da ya ɗauki itacen hadayarsa zuwa dutse ya tuna masa da Wanda ya ɗauki gicciyensa. Koyarwarsa a taƙaice ita ce, Sabon Alkawari yana lulluɓe cikin Tsohon, Tsohon kuma yana samun bayaninsa cikin Sabon. Da wannan ido ne ya yi sharhin Zabura 150 duka, yana jin muryar Almasihu da ta jama'arsa a cikinsu.

Sai dai ya san wannan hanya tana da santsi, domin mai wa'azi na iya cusa son ransa cikin kowace aya ya ce asiri ne aka buɗe masa. Saboda haka ya kafa shinge. Na farko, tarihi ya tsaya a matsayin tarihi. A littafinsa Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya fara bayan an washe Roma a 410, ya ƙi ra'ayin masu cewa labarin jirgin Nuhu misali ne kawai, ya kuma ƙi na masu cewa babu wata ma'ana a bayansa. Na biyu, a bar wuraren da suke a fili su haskaka masu duhu. Na uku, duk fassarar da ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai gane Nassi ba tukuna.

Duk da haka shi ma ya zarce iyaka a wasu wurare. Kifaye 153 da almajirai suka kama a ƙarshen Bisharar Yohanna, ya fassara su da cewa jimlar lambobi ne daga 1 zuwa 17, wato dokoki 10 da baye-bayen Ruhu 7. A misalin Basamariye mai tausayi kuwa ya ce masauƙin ikkilisiya ce, mai masauƙin kuma Bulus ne. Kaɗan ne daga malaman yau za su bi shi har can. Luther da Calvin, waɗanda suka sha daga rijiyarsa ƙwarai, sun taka wa irin wannan birki a ƙarni na 16, amma sun riƙe siffofin da Sabon Alkawari da kansa ya tabbatar.

A shekarar 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. A wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kwantar da Agustin. Abokinsa Posidiyus ya ba da labari cewa ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda, aka liƙa a bango inda zai iya gani daga gado, ya riƙa karantawa yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Littattafan da ya raina yana saurayi su ne suka raka shi bakin kabari.

Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake cikin Hausa, kuma littattafai 39 daga cikin 66 da ke yawancin bugunsa na Tsohon Alkawari ne. Iyalan da ke taruwa da dare a Karu, Nyanya, Kubwa da sauran unguwannin Abuja suna fuskantar haɗari biyu da Agustin ya sani: matashin da ke tsallake waɗannan littattafai don ya ga ba su shafe shi ba, da mai wa'azin da ke mai da kowace lamba da kowane suna wani ɓoyayyen saƙo. Idan yaro ya yi tambaya a kan ɗan ragon Idin Ƙetarewa, ya kamata uba ko uwa su fara da labarin kamar yadda Littafin Fitowa ya ba da shi, sa'an nan su buɗe inda manzanni suka ɗora shi a kan Almasihu. Inda manzanni ba su yi magana ba kuwa, sai a yi taka-tsantsan, a auna fassarar da ma'aunin ƙauna da Agustin ya bari.