Herbert Gilles

Herbert Michael Gilles (10 ga Satumba 1921 – Oktoba 2015) likita ne kuma masanin cututtukan ƙasashe masu zafi, ɗan asalin tsibirin Malta. Ya yi fice wajen binciken zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, da cututtukan jini da ake gado. Ya koyar a Jami'ar Ibadan, sannan ya shugabanci Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool a Ingila daga 1978 zuwa 1983. A arewacin Najeriya an fi tunawa da shi saboda aikin binciken cututtuka na Malumfashi, wanda aka gudanar a shekarun 1970 da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da makarantar Liverpool, da kuma Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya. Wasu daga cikin manyan ayyukansa sun dogara ne kan kuɗin da gwamnatoci suka ware domin masana na ƙasashe daban-daban su yi bincike tare na tsawon shekaru.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Gilles a birnin Port Said na ƙasar Masar, inda iyayensa 'yan Malta suke zaune. Ya yi karatun sakandare a Malta, ya kuma shiga jami'ar tsibirin domin karatun likita. Shekarun karatunsa sun zo daidai da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi ta ruwan bama-bamai a kan Malta. Ya kammala a 1946. Daga nan ya tafi Jami'ar Oxford da tallafin karatu na Rhodes, kafin ya karkata ga nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi.

Aiki a Gambiya

A 1954 Gilles ya kama aiki a cibiyar bincike ta Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, wadda aka fi sani da MRC, a ƙasar Gambiya. Ya zauna a can har 1958, yana aiki tare da Ian McGregor. Tambayar da ke gabansu ita ce yadda mutumin da ya girma a inda sauro ya yi yawa yake samun juriya ga zazzaɓi, alhali cutar tana kashe ƙananan yara.

Sun bi rukunin yara biyu tun daga haihuwa. Ana ba rukuni ɗaya maganin kulorokwin a kai a kai, ɗayan kuma ba a ba shi na kariya. A sakamakon da suka wallafa a 1956, yaran da ke fama da zazzaɓi akai-akai sun fi yawan wani nau'in furotin na jini da ake kira gama-gulobulin, wanda a cikinsa sinadaran garkuwar jiki suke. Wannan ya share hanya ga gwajin da McGregor da Sydney Cohen suka wallafa a 1961, inda suka tace waɗannan sinadarai daga jinin manya masu juriya suka ba yara marasa lafiya, ƙwayoyin cutar kuma suka ragu ƙwarai a jininsu. Gwajin yana cikin hujjojin farko da suka sa masana suka yarda cewa ana iya samar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Shekarun Ibadan

A 1958 Gilles ya koma ƙarƙashin makarantar Liverpool, wadda ta turo shi Ibadan. Makarantar ta daɗe da alaƙa da Afirka ta Yamma, domin Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, shi ne ya assasa ta a 1898. A Ibadan Gilles ya kai matsayin farfesan rigakafi da lafiyar al'umma a 1963, ya bar jami'ar a 1965.

A nan ya fito da salon aikin da aka san shi da shi. Ya zaɓi ƙauyen Akufo kusa da Ibadan, aka ƙidaya mutanensa, aka riƙa duba jininsu, abincinsu, ruwan shansu da cututtukan da ke damunsu, aka kuma buga sakamakon a littafi a 1964. Tare da likitan yara Ralph Hendrickse ya nuna alaƙar da ke tsakanin wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ciwon ƙoda mai kumbura jikin yara. Ya kuma yi nazari kan ƙarancin jini da tsutsar hanji mai shan jini ke jawowa, da wanda zazzaɓi ke jawo wa mata masu juna biyu.

Aikinsa da ya fi kusa da ilimin ƙwayoyin halitta shi ne na cututtukan jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1949 Linus Pauling ya nuna cewa amosanin jini, wato sikila, yana faruwa ne daga sauyi a himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini. A 1954 Anthony Allison ya kawo hujjar cewa wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, mai AS, yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Gilles da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan yaran kudu maso yammacin Najeriya, suka haɗa da ƙarancin sinadarin G6PD, wani yanayi na gado da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su fashe idan mutum ya sha wasu magunguna. A rahotonsu na 1967 sun nuna cewa masu AS ba su cika fitowa cikin yaran da zazzaɓi ya yi wa tsanani ba, sun kuma ga alamar irin wannan kariya ga masu ƙarancin G6PD. Wannan ne bayanin da masana ke bayarwa kan dalilin da ya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suke da AS.

Aikin Malumfashi

Bayan komawarsa Liverpool, inda ya zama farfesan cututtukan ƙasashe masu zafi a 1970, Gilles ya sake juyowa Najeriya, wannan karon arewa. A lokacin Jami'ar Ahmadu Bello tana da sabon sashen koyon likitanci, tana kuma kula da asibitin Malumfashi a matsayin wurin horar da ɗalibanta. Yankin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987.

An kasafta aikin gida uku. Jami'ar ta bayar da asibiti, ɗakunan gwaji na Zariya, da ma'aikatanta. Liverpool ta turo masana da dabarun gwaji. MRC kuma ta tallafa da kuɗi. Matasan yankin da aka horar su ne ke shiga gida-gida, suna rubuta haihuwa da rasuwa, suna karɓar samfurin jini da fitsari. An fara da ƙidayar mutanen ƙauyukan, domin ba a iya sanin yawan cuta sai an san yawan jama'a. Daga 1977 aka riƙa buga sakamakon a jere, kowane rahoto da lambarsa, a mujallar Annals of Tropical Medicine and Parasitology, kuma sunan Gilles ya fito a da yawa daga cikinsu.

Tsargiya. Wannan ita ce cutar fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke girma a cikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Masu binciken sun zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da wanda ke shiga ruwa, da lokacin, da abin da ya kai shi. Sun gano cewa yara maza da samari, masu iyo da wasa a ruwa, su ne ke zubar da mafi yawan ƙwan cutar. Saboda haka suka ba da shawarar a mayar da hankali kan wannan rukuni wajen ba da magani, a kuma yi amfani da 'yar takardar gwajin fitsari mai sauya launi domin gano waɗanda cutar ta fi kamawa ba tare da madubin likita ba. Batun ya zo a kan gaɓa, domin a 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, wanda ya gina ƙananan madatsun ruwa a yankin. Ruwan da ke shayar da dabbobi da lambuna da rani shi ne kuma mazaunin katantanwa.

Zazzaɓin cizon sauro. An sake yin irin gwajin Gambiya, aka riƙa ba jarirai kulorokwin duk mako ana kwatanta su da waɗanda ba su samu ba. Rahotannin da suka fito a 1985, waɗanda Gilles da Brian Greenwood suke cikin marubutansu, sun nuna cewa yaran da aka kare sun fi yawan jini, sun ɗan fi girma, kuma jikinsu ya fi karɓar allurar rigakafin sanƙarau. Ma'ana, zazzaɓi yana raunana garkuwar yaro har ga wasu cututtuka.

Sanƙarau. Malumfashi tana cikin yankin da annobar sanƙarau ke ɓarkewa lokacin zafi. An riƙa ɗaukar samfuri daga maƙogwaron mutane masu lafiya domin ganin yadda ƙwayar cutar ke yawo a ɓoye. Wani rahoto na 1983 ya nuna cewa allurar wancan zamani tana kare wanda aka yi wa, amma ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro ta wuce zuwa wani. Wannan giɓi ne allurar MenAfriVac ta zo ta cike, wadda aka fara amfani da ita a 2010, ta shigo Najeriya a 2011.

Saran maciji. Masanan Liverpool, ciki har da Alistair Reid da David Theakston, sun ƙirƙiro gwajin jini mai gano dafin maciji da sinadaran da jiki ke samarwa a kansa. Da shi aka iya tantance macijin da ya taɓa saran mutum ko da an daɗe. A Malumfashi binciken ya fi shafar kumurci, mai shiga ɗaki da dare ya sari mutum yana barci, ko ya tofa dafi a ido. An ga cewa saransa yakan ruɓar da nama, tofinsa kuma yakan lalata gani.

Kuɗin bincike

MRC hukuma ce da ke samun kuɗinta daga baitulmalin Birtaniya. An kafa ta a 1913, kuma ƙa'idarta ita ce gwamnati ta ware kuɗi, masana su tantance aikin da ya cancanta. Irin binciken Gilles ba ya yiwuwa sai da tallafi mai ɗorewa, domin bin yaro daga haihuwa har ya shekara biyu, ko lura da sanƙarau daga rani zuwa rani, yana buƙatar albashin ma'aikata, motoci, firji da kayan gwaji na shekaru masu yawa, kuma babu kamfanin da zai ci riba a ciki.

Tsarin yana da rauninsa. Kuɗin da shugabancin aikin sun fi fitowa daga waje, kuma mafi yawan sunayen da ke gaba a rahotannin na Turawa ne. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aikin fili ya ja baya, a 1980 kuma Greenwood ya bar Zariya ya koma shugabancin cibiyar MRC ta Gambiya. Cibiyar Gambiya, wadda tallafinta bai yanke ba, tana aiki har yau, yayin da Malumfashi ba ta zama cibiyar bincike ta dindindin ba. Damuwa kan irin wannan rashin daidaito tana cikin abin da ya sa shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka kafa a 1975, ya sanya horar da masanan ƙasashe masu tasowa cikin manyan manufofinsa. Ɗan Najeriya Adetokunbo Lucas ne ya shugabanci shirin daga 1976 zuwa 1986.

Rubuce-rubuce

Gilles da Lucas sun rubuta littafin koyar da rigakafi da lafiyar al'umma domin ƙasashe masu zafi, wanda ya fara fitowa a 1973, aka kuma sake buga shi sau da dama. Ɗaliban likitanci a Najeriya sukan kira shi da sunayen marubutan biyu kawai. Tare da David Warrell, wanda shi ma ya yi aiki a Zariya, ya sabunta littafin Essential Malariology na Leonard Bruce-Chwatt a 1993. Shi ne kuma ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ɗan littafin jagora kan kula da zazzaɓi mai tsanani a 1991.

Lambobin yabo da rasuwa

Gilles ya yi ritaya daga kujerar farfesa a 1986, amma ya ci gaba da koyarwa da ba da shawara. Ya shugabanci ƙungiyar masanan cututtukan ƙasashe masu zafi ta Birtaniya daga 1985 zuwa 1987, ƙungiyar kuma ta ba shi lambar Manson, mafi girma a wurinta, a 2007. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar Darling a 1990 saboda aikinsa kan zazzaɓin cizon sauro, gwamnatin Birtaniya kuma ta ba shi lambar girmamawa ta CMG a 2005. Ya rasu a watan Oktoba 2015 yana da shekara 94.

Wasu daga cikin tambayoyin da aka bincika a Malumfashi sun zama tsarin aiki a yau. Ana raba maganin tsargiya ga yara 'yan makaranta a jihohin Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2012 da ba ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓi a watannin damina a yankin Sahel, kuma a Jihar Katsina aka fara aiwatar da shi a Najeriya, a 2013.