Alhassan Ɗantata: Daga Goro Zuwa Dalar Gyaɗa

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya taso maraya. Da fataucin goro ya fara, sana'ar da dubban fatake ke yi. Shi sai ya sauya hanya: maimakon ayarin jakuna mai cin watanni, ya riƙa loda goronsa a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗi a hannu suna saya masa. A 1929 ya kai kuɗin azurfa banki, kayan raƙuma 20. Ya rasu a 1955.

To, kai mai ƴar sana'a a makaranta, kayanka da na maƙwabcinka iri ɗaya ne. Wace hanya za ka bi wadda bai bi ba?