George Orwell: Marubucin da aikin lambu ya gyara wa siyasa

An haifi Eric Arthur Blair, wanda duniya ta fi sani da George Orwell, a ranar 25 ga watan Yuni na 1903 a garin Motihari na ƙasar Indiya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya.

Bayan ya kammala makarantar Eton a Ingila, ya shiga aikin 'yan sandan mulkin mallaka a Burma a 1922. Zaluncin da ya gani, wanda da hannunsa aka aikata wani, shi ya sa ya ajiye aikin bayan shekaru biyar, ya koma rubutu.

Zaman ƙauye

A 1936 ya tare a wani ƙaramin gida a ƙauyen Wallington, arewa da London, inda babu wutar lantarki. Shi da matarsa Eileen suka buɗe ɗan kanti, suna kiwon kaji da awaki, suna noman dankali da kayan miya.

Ya dasa itatuwan tuffa da furannin wardi, waɗanda ya riƙa saya a kan sisi-sisi a kantin Woolworths. Yana da littafin da yake rubuta yawan ƙwan da kaji suka saka, da madarar da aka tatsa, da yanayin sama.

Wannan ɗabi'a ta shiga siyasarsa. Kamar yadda mai noman albasa a Aliero ba ya lissafin buhu sai ya ga abin da fadama ta bayar, haka Orwell ya saba auna magana da abin da ido ya gani. Shi ya sa farfagandar shugabanni, na dama da na hagu, ba ta cika ruɗinsa ba.

A ƙarshen wannan shekara ya tafi Spaniya don yaƙar dakarun Janar Franco. An harbe shi a maƙogwaro a 1937, ya kuma ga yadda 'yan kwaminis masu biyayya ga Stalin suka juya kan abokan gwagwarmayarsu. Ya dawo yana nan a kan ra'ayinsa na gurguzu, amma da ƙiyayyar duk wani mulkin kama-karya.

Fure da talaka

Bayan ya yi aiki da BBC daga 1941 zuwa 1943, ya koma jaridar Tribune. Da ya yi rubutu a kan furanninsa, wata mai karatu ta aiko da ƙorafi cewa fure shagalin masu kuɗi ne.

Orwell bai yarda ba. A ganinsa, ana neman adalci ne domin talaka ya ƙoshi, ya kuma samu sararin more abubuwan da ba a sayarwa, kamar inuwar itace da kukan tsuntsaye. Ya yi imani cewa wanda ya daina jin daɗin waɗannan, zuciyarsa kan karkata ga ƙiyayya da bautar shugabanni.

A wata maƙala ta 1946 ya bayyana dashen itace a matsayin kyauta mai araha ga na baya, wadda kan daɗe fiye da sauran ayyukan mutum. Masu karatu Musulmi za su ga kamanninta da sadaka mai gudana.

Gandun Dabbobi

Shi da kansa ya ce tunanin littafinsa Animal Farm ya zo masa ne da ya ga wani yaro yana bulalar ƙaton dokin amalanke, ya lura cewa da dokin ya san ƙarfinsa da ba a juya shi, kuma haka talaka yake a hannun mai dukiya.

Littafin, wanda ke zambo ga mulkin Stalin, ya fito a 1945 bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓarsa, domin Tarayyar Sobiyet ƙawar Birtaniya ce a yaƙin duniya na biyu. Akuyar da ke cikinsa, Muriel, ta ci sunan akuyarsa ta Wallington. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi.

A 1946, bayan rasuwar matarsa, ya koma tsibirin Jura na Scotland, inda ya sake kafa lambu duk da tarin fuka da ke cinsa. A can ya rubuta Nineteen Eighty-Four, wanda aka buga a 1949.

Ya mutu a wani asibiti a London ranar 21 ga watan Janairu na 1950, yana da shekaru 46. An binne shi a ƙauyen Sutton Courtenay, aka dasa wardi a kan kabarinsa.