Fanny Crosby: Makauniyar da Ta Bar wa Duniya Waƙoƙi 8,000

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen majami'a ranar Lahadi da safe, a ƙauyukan Gwarzo ne ko Kabo ko cikin Sabon Garin Kano, da wuya a ce bai taɓa jin waƙar wannan baiwar Allah ba, ko da bai san sunanta ba. Wasu daga cikin waƙoƙin da Kiristoci ke rerawa da Hausa fassarar nata ne. Sunanta Fanny Crosby, Ba'amurkiya, wadda ta yi shekara 94 a duniya, kusan dukansu tana makauniya.

An haife ta ranar 24 ga Maris, 1820, a wani ƙauye a jihar Niyok. Tana da mako 6 ciwon ido ya kama ta. Likitan garin ba ya nan, sai aka kira wani mai da'awar magani ya ɗaura mata wani haɗi mai zafi a ido. Kamar yadda ita kanta ta ba da labari, daga nan ganinta ya tafi. Mu nan ba baƙon labari ba ne wannan, mun san yaran da aka tsiyaya wa abin da ba a sani ba a ido. Kafin ta cika shekara guda mahaifinta ya rasu. Mahaifiyarta Mercy ta shiga aikatau a gidajen mutane, renon yarinya ya koma hannun kakarta Eunice.

To, a nan ne rayuwarta ta ɗauki hanya. Kakar ba ta ajiye ta a ɗaki tana tausaya mata ba. Takan fita da ita, ta sa mata ganye ko fure a hannu ta faɗa mata sunansa, ta koya mata gane tsuntsu daga kukansa, ta kwatanta mata faɗuwar rana. Da dare kuma ta karanta mata Littafi Mai Tsarki. Bayan sun koma garin Ridgefield, matar da suke zaune a gidanta, Misis Hawley, ta sa ta hadda, sura 5 kowane mako. Kafin ta kai shekara 15 ta haddace littattafan Attaura 5 da Linjila 4 da littafin Karin Magana da Zabura mai yawa. Tana shekara 8 ta tsara waƙarta ta farko, kuma abin da waƙar ke nufi shi ne ba za ta zauna tana kuka don ba ta gani ba.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin Niyok. Ta yi shekara 8 tana ɗaliba, ta koyi nahawu da tarihi da kiɗan piyano da jita da garaya. Lissafi kam ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, irin na wasunmu. A 1843 tana cikin waɗanda suka je Washinton neman gwamnati ta tallafa wa ilimin makafi, har ta karanta waƙa a gaban 'yan majalisa. Littafinta na farko ya fito a 1844, daga baya ta zama malama a makarantar har 1858. A can ne wani matashin ma'aikaci yakan zauna ya rubuta mata waƙoƙin da take faɗa. Sunansa Grover Cleveland, wanda ya zama shugaban Amurka a 1885.

A 1849 kwalara ta faɗa birnin Niyok. Mutane suna ta gudu ƙauye, ita kuwa ta tsaya jinyar ɗalibai. Mutuwar da ta shaida ta girgiza ta ƙwarai. Duk da haddar da ke kanta, sai ta ji zuciyarta ba ta natsu ba. A watan Nuwamba na 1850, a wani taron farkawa a majami'ar Metodis, ta miƙa rayuwarta ga Ubangiji gaba ɗaya, kuma a kan wannan ta zauna har ƙarshe. Ba ta ɗauki makantarta a matsayin la'ana ba, ba ta kuma riƙe mutumin da ya yi mata magani a zuci ba. A wurinta, Allah ne ya tsara hakan don amfaninta.

Ta auri Alexander van Alstyne a 1858, shi ma makaho ne, makaɗi. Sun haifi ɗa guda a 1859, bai daɗe ba ya koma. Ba ta ƙara haihuwa ba, kuma ba ta cika son maganar ba.

Sai da ta kusa shekara 44, wato a 1864, ta fara aikin da ya fito da sunanta, lokacin da ta haɗu da mawallafin waƙoƙin coci William Bradbury. Yadda take aikin ma abin mamaki ne. Ba ta iya rubutun hannu sosai ba, rubutun makafi ma bai zame mata jiki ba. A ka take tsara waƙa, yawanci da dare bayan ta yi addu'a, ta gyara baiti bayan baiti, ta riƙe har sai an samu mai rubutawa. Wani lokaci makaɗi zai kawo mata karin sauti, ta saurara, ta ɗora kalmomi. Haka aka samu Blessed Assurance a 1873, da ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata sautin. Mu Hausawa mun san irin wannan baiwa, domin Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne.

Ta tsara waƙoƙi sama da 8,000. Yawansu ya sa masu buga littafi suka riƙa sa mata sunayen aro kusan 200, don kada a ga littafi guda duk sunan mutum ɗaya. Littafin waƙoƙin Ira Sankey ya kai su Ingila, 'yan mishan suka ɗauko su zuwa Afirka. Amma kuɗi fa? Dala 1 zuwa 2 ake biyanta kan kowace waƙa, riba kuma ta mawallafa. Ɗan abin da take samu ma, takan cire na abinci da haya ta rabar da sauran. Ta zauna a gidajen haya a unguwannin talakawa na Manhattan, ta shafe shekaru tana zuwa gidajen agaji irin su Bowery Mission, tana zama da mashaya da marasa matsuguni, tana ba su haƙuri da ƙarfin gwiwa. Kun ji fa, makauniya ce mai bayarwa.

Ta rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1915, a garin Bridgeport. Ɗan ƙaramin dutse aka kafa a kabarinta, kamar yadda ta nema.

'Yan uwana ɗalibai, Musulminmu da Kiristanmu, baiwa daga Allah take, wannan ba gardama. Amma da an riƙa jan Fanny da sanda zuwa bakin kasuwa tun tana shekara 6, da wa zai san ta? Kaka ta samu, da makaranta, da masu rubuta mata. A jihar nan muna da makarantar Tudun Maliki, amma iyaye nawa ne a ƙauyukanmu suka san hanyarta? Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga. Wa'adin ya wuce. Mu ne gobe za mu zana ajujuwa da asibitoci, mu auna matakala da faɗin ƙofa, mu zauna a ofis muna karɓar takardun neman aiki. In ranar ta zo, mu tuna akwai yarinyar da ba ta gani tana jiran a buɗe mata ƙofar aji.