Shailendra: Ma'aikacin Reluwe Da Ya Zama Sarkin Mawaƙa

Tun wajen 1950 da 'yan kai 'yan kasuwa Lebanawa suka fara kawo wasannin sinima na Indiya Kano da sauran manyan garuruwanmu. Jama'a suka haddace sunayen 'yan wasa, amma kaɗan ne suka lura waƙa guda aikin mutum huɗu ce: mai tsara kalmomi, da mai sa kiɗa, da mai rerawa, sa'an nan ɗan wasan da ke motsa baki a majigi. Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani daga cikin na farkon, watau Shailendra.

Sunansa na yanka Shankardas Kesarilal. An haife shi ran 30 ga Agusta 1923 a Rawalpindi, garin da ya faɗa cikin Pakistan sa'ad da aka raba ƙasar a 1947. Asalin iyayensa mutanen Bihar ne, daga zuriyar da al'adar Hindu ta ajiye a can ƙasa. Ya girma a Mathura cikin rashi, uwarsa kuwa ta rasu tun yana yaro. Da ya kawo ƙarfi sai ya tafi Bombai, wadda ake kira Mumbai yanzu, ya shiga koyon aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Matunga. Da rana yana fama da ƙarfe, da dare yana rubuta waƙoƙin ma'aikata da talakawa, yana karanta su a taron mawaƙa.

A wani taro irin wannan ne Raj Kapoor, saurayi mai shirya wasan sinima, ya ji shi, ya nemi ya sayi waƙarsa. Shailendra ya ƙi, don a ganinsa waƙa ba hajar kasuwa ba ce. Amma ba a daɗe ba matarsa ta sami ciki, ga shi albashi bai isa ba, sai ya tafi da ƙafarsa wurin mutumin da ya juya wa baya. Raj Kapoor na cikin shirya Barsaat a lokacin, saura waƙa biyu. Shailendra ya rubuta su, aka biya shi rupi 500, wasan ya fito a 1949, ya karɓu ƙwarai.

Daga nan suka zama ƙungiya guda: Raj Kapoor na wasa, Shankar da Jaikishan na sa kiɗa, Mukesh na rerawa, Shailendra da abokin aikinsa Hasrat Jaipuri na rubutu. Awaara ya fito a 1951, waƙarsa ta ƙetare har Rasha da Sin da Turkiyya. Shree 420 ya biyo baya a 1955. Ya kuma yi aiki da waɗansu makaɗan, kamar Salil Chowdhury a Madhumati cikin 1958, da S. D. Burman a Guide cikin 1965. Da aka ƙago kyautar Filmfare ta marubutan waƙa a 1959, shi ya fara ɗaukarta, ya sake a 1960.

Abin da ya fifita shi, malamanmu na makaranta za su fi kowa ganewa. A zamanin nan mawaƙa da yawa na ƙawata baiti da kalmomin Urdu da Farisanci masu nauyi. Shi kuwa sai ya ɗauki maganar da mai tura amalanke da mai wanki ke yi, ya zuba mata ma'ana mai zurfi, har jahili ya rera ya ji daɗi, masani kuma ya tsaya yana tunani. Sau da yawa ma kiɗan ake fara shiryawa, a ba shi ya auna kalmomi su zauna daidai a kai, kamar yadda mawaƙanmu ke bin karin ƙasida. Raj Kapoor ya sa masa laƙabin Kaviraj, watau sarkin mawaƙa.

To, sai ya karanta wani gajeren labari na Phanishwar Nath Renu, marubucin Bihar, a kan wani baƙauye mai amalanken shanu da ya ɗauki wata 'yar rawa zuwa kasuwar shekara. Labarin ya shiga ransa, ya ƙudura shi da kansa zai ɗauki nauyin mai da shi wasan sinima, mai suna Teesri Kasam, watau rantsuwa ta uku. Basu Bhattacharya ya ja ragamar aikin, Raj Kapoor da Waheeda Rehman suka fito a ciki. Amma sanin baiti dabam, sanin lissafin kuɗi dabam. Aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, bashi ya yi ta hawa. Aka matsa masa ya canja ƙarshen labarin, masoyan su haɗu don 'yan kallo su ji daɗi, ya ƙi, ya bar su sun rabu yadda marubucin ya tsara.

Wasan ya fito a 1966, bai yi kasuwa ba. Baƙin ciki da rashin lafiya suka haɗu masa, ya rasu a Bombai ran 14 ga Disamba 1966, yana da shekara 43, ranar kuwa ta zo daidai da ranar haihuwar Raj Kapoor. A 1967 Gwamnatin Indiya ta ba Teesri Kasam lambar wasan da ya fi kowane kyau a shekararsa. A 1969 kuma aka ba Shailendra kyautar Filmfare ta uku saboda wata waƙarsa cikin Brahmachari.

A ganinmu ya yi kuskure da ya shiga sana'ar da bai san kanta ba ba tare da mai riƙe masa littafin kuɗi ba, kowane akawu kuwa ya san inda wannan ke kai mutum. Amma ba mu ga laifinsa ba da ya ƙi lalata labari don riba. Wasan da ya karya shi, shi ake lissafawa yau cikin manyan ayyukan sinimar Indiya. In mun sake zama kallo, ya kamata mu dubi sunayen da ke wucewa a farko, mu nemi na mai rubuta waƙa.